"Monies": kalmar da ke raba kuɗi gida-gida

Wanda ya taɓa riƙe takardar rancen banki, ko wasiƙar da ta fito daga Ma'aikatar Kuɗi a Birnin Kebbi, ko hukuncin kotu a kan wata dukiya, da wuya a ce idonsa bai taɓa faɗawa kan kalmar "monies" ba. Wani wurin "moneys" ake rubutawa. Ɗalibin da malamin Turanci ya sha jaddada wa cewa "money" ba ta da jam'i, in ya gan ta, abin da zai fara zo masa a rai shi ne mai buga takardar ya yi kure. Ba kure ba ne, kuma malamin bai yi ƙarya ba. A maganar yau da kullum Bature ba ya ƙirga "money". Ko sisi ne a aljihunsa ko dukiyar Ƙaruna, sunanta ke nan. Jam'in na lauyoyi ne da akantoci da masu rubuta doka, su ma ba don ƙawa suka riƙe shi ba.

Abin da kalmar ke nufi shi ne kuɗi kashi-kashi: kowane kashi da inda ya fito, da mai haƙƙi a kansa, da abin da aka tanade shi dominsa. Ba ruwanta da yawa ko ƙanƙanta, kuma a nan ne mutane da dama ke zamewa. A ɗauki ƙungiyar manoman shinkafa a Suru ko Bunza. A hannun ma'ajinta akwai kuɗin rajistar mambobi, akwai abin da aka tara don sayen taki, akwai ragowar rancen da aka karɓo don injin ban-ruwa. Ko da duka-duka ba su kai naira dubu ɗari biyu ba, a bakin doka waɗannan "monies" ne, domin uku ne, kowanne da sharaɗinsa. Shi kuwa attajirin da ya sayar da shinkafa tirela goma ya zuba miliyoyi a asusunsa, nasa "money" ne kurum. Mai shi ɗaya ne, in ya ga dama ya sayi gida, in ya ga dama ya ƙara aure, ba mai tuhumarsa.

Batun wanne ne daidai tsakanin rubutun biyu bai kai a ɓata lokaci a kansa ba. Duka biyun karɓaɓɓu ne. "Moneys" ita ta bi ƙa'idar nahawun Turanci, ita ce kuma take cikin Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. "Monies" ta fi yawo a wasiƙun ofis da jaridu da takardun banki. Tushen kalmar daga Latin ne, daga laƙabin wata gunkiyar Rumawa, Juno Moneta, wadda a harabar ɗakin bautarta a birnin Rum ake buga tsabar kuɗi. Daga nan ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne Hausa ma ta bi irin wannan hanyar da ƙafarta, ba tare da ta kwaikwayi kowa ba. Kalmar "kuɗi", wadda mu mutanen yammacin ƙasar Hausa muke ja mu ce "kuɗɗi", asalinta jam'i ce. Tilonta "wuri", wato ƙwayar farin kuɗin nan na bakin teku da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin sulai da fam su kore shi. Da wuri ya daina aiki, sai jam'in ya tsaya da kansa ya zama sunan abin gaba ɗaya, har ya shanye anini da taro da sisi da sule, ya shanye naira da kobo da suka shigo a Janairun 1973. Sai kuma buƙata ta sake tasowa ta a bambanta wannan kuɗi da wancan, Bahaushe ya yi wa jam'in jam'i ya ce "kuɗaɗe". In uban gida ya ce, "Kuɗaɗen mutane ne a hannuna, ba zan taɓa ba," kowa ya gane cewa na wane daban, na wance daban. Ma'anar "monies" ke nan, ba ragi ba ƙari.

Matsalar ita ce a kafofin labarai na Hausa "kuɗaɗe" ta fara sauka daga wannan ma'ana, tana komawa nufin yawa kawai. Kullum "maƙudan kuɗaɗe", "zunzurutun kuɗaɗe". Mai sauraro ya ji an ce gwamnati ta karɓi kuɗaɗe daga Abuja, sai ya hango tuli guda a ɗaki guda, gwamna na zaune da makulli. Daga wannan hange ne rabin gardamar majalisun dare ke tasowa: in akwai kuɗin gina gadar sama, me ya sa babu na biyan 'yan fansho? Wani lokaci tambayar tana kan hanya, domin zaɓi ne aka yi, aka fifita wannan a kan wancan. Wani lokaci kuma kuɗin gadar rance ne da aka karɓo da sunan gada, ba shi da halin zuwa ko'ina sai gada. Wanda bai san akwai wannan bambanci ba, ba zai san lokacin da ya kamata ya ɗaga murya ba, kuma ba zai gane lokacin da ake yi masa wasa da hankali ba.

Sashe na 120 na kundin tsarin mulki shi ne gidan wannan kalma a harkar jiha, kamar yadda sashe na 80 yake ga Tarayya. Ya fara da cewa dukkan kuɗin shiga da sauran "moneys" da jiha ta tara ko ta karɓa, a zuba su su zama asusu guda, wato babban asusun kuɗin shiga na jiha. Amma a cikin jimlar nan ya ware wasu: waɗanda tsarin mulki ko wata dokar majalisar jiha ta ce a zuba a wani asusu na daban da aka kafa don wata manufa ta musamman, waɗannan ba za su shiga babban asusun ba. Sannan ya kulle ƙofar fita. Ba a cire ko kobo sai ta ɗayan hanya biyu: ko dai tsarin mulki da kansa ya ɗora wannan kashewar a kan asusun, kamar albashin gwamna da mataimakinsa da babban mai binciken kuɗi, ko kuma majalisar dokoki ta amince ta hanyar dokar kasafi ko ƙwarya-ƙwaryar kasafi. In shekara ta shigo majalisa ba ta gama da kasafi ba, sashe na 122 ya ba gwamna damar ci gaba da gudanar da aiki har tsawon wata shida, shi ma da iyaka, gwargwadon abin da aka amince da shi bara.

To a lura da yadda abin yake tafiya. Kuɗi na shigowa da sunaye iri-iri: harajin albashi, kuɗin lambar mota, kuɗin takardar fili, kason wata-wata. A babban asusu sai sunayen su narke. Da majalisa ta zartar da kasafi, sai a sake raɗa musu sababbi: wannan na hanyar Koko zuwa wani ƙauye, wannan na maganin asibitin Argungu, wannan na abincin 'yan makarantar kwana. Tsohuwar da ke ƙulle kuɗi a bakin zane ta san wannan ilimi sarai. Ƙulli ɗaya na adashi, ɗaya na cefane, ɗaya na ajiyar maƙwabciya, kuma ko cefane ya ƙare ba ta kwance na maƙwabciya, alhali duka naira ce iri ɗaya. Kasafin kuɗi ƙulle-ƙulle ne irin nata, sai dai doka ce ta ƙulla, ita ce kuma mai kwancewa.

Shi ya sa laifin da muke kira karkatar da kuɗi ya fi sata faɗi. Jami'i na iya rantsuwa da Alƙur'ani cewa ko anini bai shiga aljihunsa ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma in ya ɗauki kuɗin rijiyoyin burtsatse ya biya bashin ɗan kwangilar fenti ba tare da izinin da doka ta tanada ba, ya taka doka. Akwai hanyar halal ta sauya wa kuɗi gida a cikin kasafi, amma takarda ce da sa hannu da amincewar masu ikon amincewa, ba waya ce da dare ba. Mutanenmu suna da sassauci a nan fiye da kima. Da an ce "ai bai ci ba, wani aikin ya yi da su," sai a ce to Allah ya kyauta, a watse. Ni kuwa ina ganin wannan ƙofar ta fi ta ɓarawo haɗari, domin ta nan ne lissafi ke rikicewa, kuma sai lissafi ya rikice ɓarawo ke samun duhun da yake nema.

Kason wata-wata da ake rabawa a Abuja shi ma ba dunƙule ɗaya ba ne. Bayan an cire kuɗin tattarawa da kashi 13 cikin ɗari na jihohin da ake haƙo arziki a ƙasarsu, ragowar ana raba ta bisa tsarin da ake bi tun 2004: Tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Waɗannan ɗigo-ɗigon da ke bayan lambobin ba ado ba ne. A cikin na Tarayya, 48.5 ne ke shiga babban asusunta. Sauran an riga an sa musu suna, har da kashi 1 na Abuja da kashi 1 na matsalolin muhalli. A cikin na jihohi, 0.72 ɗin nan na muhalli ne, haka 0.60 na ƙananan hukumomi. Jiha irin Kebbi, wadda gulbin Rima da kogin Kwara ke ratsawa, wadda ambaliyar 2020 ta shafe mata gonakin shinkafa tun daga fadamun Argungu har Bagudo, ita ce ta fi kowa buƙatar a riƙa tambayar wannan ɗan ɗigo da sunansa. "Nawa aka samu daga Abuja?" tambaya ce mai sauƙin amsawa da sauƙin kaucewa. "Nawa ne na muhalli a ciki, wace madatsa ko magudana aka yi da shi?" ita ce mai sa gumi.

Babbar rigimar da aka yi a ƙasar nan a kan wannan bambanci ita ce ta ƙananan hukumomi. Sashe na 162 ya ce kason ƙananan hukumomi a ba jihohi domin amfanin ƙananan hukumominsu, kuma kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa da za a zuba shi. Kuɗin na ƙaramar hukuma ne, jiha mai riƙon amana ce. Amma da yake sun bi ta hannunta, shekara da shekaru a jihohi da dama aka riƙa mu'amala da su kamar na jiha, a cire na ayyukan haɗin gwiwa, a cire na wannan da na wancan, abin da ya rage a miƙa wa ciyaman ya biya albashi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta ce a riƙa biyan zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamnoni ba su da ikon riƙe shi. Aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya, wannan magana ce ta daban. Abin lura shi ne dukkan shari'ar a kan tambaya ɗaya ta tsaya: kuɗin da ya kwana a hannunka ya zama naka? A Kebbi amsar ta shafi ƙananan hukumomi 21, daga Arewa da Dandi a bakin iyaka har Sakaba da Danko-Wasagu, kuma ta shafi albashin malamin firamare da ma'aikacin ɗakin shan magani.

Akwai wasu kuɗaɗen kuma da ke zaune a Abuja da sunan jiha, amma ba sa motsi sai jiha ta motsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun Tarayya don ilimin firamare da ƙaramar sakandare, tare da sharaɗin cewa jiha sai ta ajiye nata rabin kafin ta ɗauki tallafin gine-gine daga hukumar UBEC. Jihohi da yawa sun sha barin nasu ya taru saboda ba su kawo nasu kason ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ita ma ta ware aƙalla kashi 1 don kiwon lafiya a matakin farko. Irin waɗannan, in an sanar da su a rediyo, mai sauraro ji yake kamar sun iso. Sau da yawa ko hanya ba su kama ba.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da ta fi kowace yaudarar kunne a labaran Hausa, wato "ware". An ware biliyan kaza don hanya kaza. Ware a kasafi izini ne kawai, majalisa ta ce in an samu kuɗin an yarda a kashe har zuwa wannan adadi. Bayan wannan sai an amince da aikin, sai ma'aikatar kuɗi ta fitar da takardar izinin kashewa, sai kuma babban akanta ya ga akwai tsabar da za ta tsaya wa takardar. A kowane mataki abin na iya maƙalewa, musamman in kuɗin shigar da aka yi hasashe bai samu ba. Mutanen gari sun ji biliyan a watan Janairu, damina ta wuce ba su ga ko tifa ɗaya ta yashi ba, sai su yanke hukuncin an cinye. Mai yiwuwa an cinye ɗin. Mai yiwuwa kuma ko kobo bai fita ba, wanda shi ma abin tambaya ne, amma wata tambayar ce daban, ga wani mutum daban. Mai fassara labari da zai daure ya riƙa bambanta "an sa a kasafi" da "an amince" da "an saki", da ya yi wa jama'a aikin da ya fi sharhi goma.

Ita kuwa "funds", ƙanwar "monies" ce, kuma ta fi ta shiga jama'a, tunda duk mai katin cire kuɗi ya taɓa ganin ta a na'urar mai POS ranar da asusu ya bushe. Tana nufin kuɗin da ke akwai a hannu don wani aiki. Tilonta kuwa, "fund", asusu ne da aka kafa da manufa, irin su TETFund da ke gine-gine a manyan makarantu. Jami'an gwamnati na son ta ƙwarai a jimlar nan tasu ta kullum, wadda ake fassara mana da "ƙarancin kuɗi". Duk wanda aka ba wannan amsa yana da damar ya ce: na wane asusun?

Inda rashin bambancewa ya fi yi mana illa a Kebbi shi ne tsakanin rance da tallafi. A watan Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jihar nan ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Nijeriya, lokacin Godwin Emefiele na gwamnan bankin, Atiku Bagudu na gwamnan jiha. Tsarin a takarda mai kyau ne: a ba ƙaramin manomi iri da taki da magani da ɗan kuɗin aiki a kan ruwa kashi 9 cikin ɗari, in ya girbe ya kai shinkafa ga kamfanin da ya tsaya masa, a cire bashi a ba shi ragowar. Sunan shirin kansa ya ce masu karɓa masu cin bashi ne. Amma a ƙauyuka da yawa abin da ya isa kunne shi ne "kuɗin gwamnati sun zo", kuma a fahimtar da aka daɗe da ita, kuɗin gwamnati rabo ne, wanda ya samu ya samu. Shirin ya bazu a ƙasa, abin da aka fitar ya haura naira tiriliyan ɗaya, biyan bashin kuwa ya zama abin kuka, har sabon shugabancin bankin ya ja da baya daga irin wannan rance tun ƙarshen 2023.

Ba adalci ba ne a ɗora wa manomi laifin duka. Akwai wanda ruwa ya cinye gonarsa, akwai wanda kayan aikin suka iso masa bayan lokacin shuka ya wuce, akwai kuma waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba amma sunayensu suka shiga jeri. 'Yan siyasa ma sun ji daɗin barin maganar a dunƙule, domin "mun kawo muku kuɗi" ta fi "mun samo muku bashi" daɗin faɗa a dandali. Sai dai sakamakon a kan kowa ya faɗa. Rancen da aka tsara ya riƙa juyawa, wannan ya biya a ba wancan, in aka cinye shi a matsayin kyauta, manomin baɗi ne aka cinye wa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu da Kabi. Fiƙihun da ake karantarwa a zaurukanmu ya daɗe da rarraba dukiyar baitulmali gida-gida. Zakka tana da masu cin ta guda takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, kuma galibin malamai ba su yarda a ɗauke ta a gina masallaci ko a gyara hanya ba, duk da kyawun aikin. Waƙafi yana bin sharaɗin wanda ya bayar. Mamaci in ya bar dukiya, ba a fara rabo sai an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, ajiyar mutane kuwa tun farko ba ta cikin gado. A zamanin En'e, haraji da jangali da dagatai da hakimai ke tarawa ana raba su, wani kaso na gwamnatin Turawa, wani na baitulmalin masarauta a hannun Ma'aji. Mutumin da ba zai taɓa yarda a sayi tabarmar masallaci da kuɗin marayu ba, shi ne kuma zai ɗaga kafaɗa in an sayi motar ofis da kuɗin fansho. Bambancin a wurinsa shi ne na farko yana da mai shi, na biyu na gwamnati ne. Alhali abin da ake yanka daga albashin ma'aikaci don fansho nasa ne tun ranar da aka yanka; a tsarin dokar fansho ta 2014 ma'aikaci na zuba kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10, a asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin, ko da yake jihohi kowace da dokarta.

Ban ce duk inda aka ga "monies" akwai hikima a ciki ba. Sau da yawa burga ce. Sakataren ƙungiya zai rubuta ta a kan kuɗin shayin taro don wasiƙarsa ta yi kama da ta lauya, ɗan siyasa zai faɗe ta don ta fi cika baki. A Ingila da Amurka ma masu neman a sauƙaƙa harshen doka sun daɗe suna cewa a yawancin wurare "money" ta wadatar. Ɗalibi mai rubuta jarrabawa ko wasiƙar neman aiki, ya bar ta kawai, ba abin da zai rasa. Gwajin mai sauƙi ne: in za a iya tambayar "wanne daga ciki?" kuma a samu amsa, jam'in yana da aiki. In ba za a iya ba, iska ce.

Amma akwai wuri ɗaya da ba a yi mata kallon iska, ko da kuwa an gaji da karatu, wato takardar jinginar banki. A nan takan zo da rakiyar ƙaramar kalma a gabanta, "all monies". Ɗan kasuwa a Jega ko Yauri ya kai takardar gidansa don ya karɓi rancen miliyan biyar na sayen albasa. A ransa, gida na tsaye ne a kan miliyan biyar, ranar da ya biya ya karɓi takardarsa. In yarjejeniyar na ɗauke da wannan sharaɗi, ba haka abin yake ba. Gidan ya tsaya ne a kan duk wani kuɗi da bankin ke bin sa ko zai bi shi nan gaba, ta kowace fuska: rancen albasa, da wanda zai karɓa baɗi, da abin da ya zarce a asusunsa, da ruwan da ya taru, da kuɗin lauya in an kai ga kotu. Yana iya biyan miliyan biyar ɗin cif, ya je karɓar takarda, a buɗe masa wani shafi.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai tsaya wa wani. Ƙane ya zo ya ce, "Yaya, hannu kawai za ka sa mini, miliyan biyu ce, kafin kaka na biya." Yaya ya sa hannu don zumunci, bai karanta ba, ko ya karanta bai ga abin tsoro a kalma biyu ba. In takardar tsayawar ta "all monies" ce kuma ba a rubuta iyaka ba, ya ɗauki nauyin duk bashin da ƙanen zai ci a wannan banki, har wanda bai san da shi ba. Tun Agustan 2020 kuma Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ke ba banki damar bin lambar BVN ya ɗebi abin da yake bin mai bashi daga asusunsa na wasu bankuna, in ya sa hannu a kan wannan izini lokacin karɓar rance, don haka tsohuwar dabarar sauya banki ta daina aiki.

Ana iya neman a gyara sharaɗin kafin a sa hannu. Mai jingina ko mai tsayawa yana da damar ya ce a rubuta adadin da ya tsaya a kai da lambobi, a ambaci rancen da ake nufi da ranarsa, a kuma rubuta cewa da an biya shi za a saki takarda. Wani bankin zai yarda, wani zai ce fom ɗinsu ke nan ba a taɓawa. Ko an ƙi, aƙalla mutum ya san girman abin da ya ɗauka.